Haɗa man shafawa a gida, da abin da ruwa ke yi masa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a wajejen ƙarshen watan Nuwamba, danshin da ke cikin iska yakan ragu ƙwarai, har akwai ranakun da yake sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a garuruwa irin su Kano, Katsina da Damagaram. Fatar mutum ce take fara shaida wannan canji, domin ƙafa tana yin fari fat, leɓe yana tsagewa, kaushi da faso suna bayyana a diddige, yara kuma su yi furu-furu ko da an yi musu wanka da safe. A wannan lokaci ne kasuwar man shafawa take buɗewa, kuma tun da farashin na kanti ya yi tashin gwauron zabo a 'yan shekarun nan, mata da yawa sun koma haɗa nasu a gida, wasu don amfanin iyali, wasu kuma don su sayar. Ina goyon bayan wannan ƙwarai, domin muna zaune ne a yankin da Allah ya hore wa kayan haɗin da kamfanonin Turai suke saye da tsada. Sai dai akwai abu guda da na lura ana yi wa riƙon sakainar kashi a yawancin darussan da ake yaɗawa a waya, wato bambancin da ke tsakanin man da babu ruwa a cikinsa da wanda aka haɗa da ruwa.

Man da babu ruwa a cikinsa, kamar man kaɗanya zalla ko wanda aka buga da wani mai, iska da haske da zafi ne suke lalata shi, kuma lalacewarsa a hankali take zuwa, cikin watanni, tana kuma sanar da kanta ta hanyar wari. Wanda aka haɗa da ruwa kuwa, wato loshan ko kirim mai laushi irin na kanti, ƙwayoyin cuta da fumfuna ne suke cinye shi cikin kwanaki kaɗan, sau da yawa ba tare da wata alama da ido ko hanci zai kama ba. Kowace uwargida ta san cewa garin kunu yana iya yin watanni a cikin roba bai yi komai ba, amma da zarar an dama shi, kwana ɗaya ya isa ya yi tsami. Dalilin ɗaya ne a nan ma, domin ƙwayar cuta ba ta iya ci ko hayayyafa sai a inda akwai ruwa.

Tushen kusan duk wani haɗi da ake yi a ƙasarmu shi ne man kaɗanya. Bishiyar tana fitowa ne da kanta a dajin da ya tashi daga Senegal ya ratsa Mali, Burkina Faso, arewacin Gana, Najeriya, Kamaru da Chadi har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya sosai. A Najeriya jihohin Neja, Kwara, Kebbi da Kaduna suna cikin waɗanda suka fi samar da ita, har ma a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya zuwa waje na wata shida, da nufin a riƙa sarrafa shi a gida. Mata ne suke tsinto ƙwallon da damina, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sannan su yi ta cuɗa ƙullun da hannu suna zuba ruwa har man ya taso sama, a kwashe shi a sake dafawa. Wannan dafuwa ta ƙarshe ita ce take kore ruwan da ya rage, kuma a nan ne ingancin man yake bambanta daga hannu zuwa hannu. Idan an yi gaggawa, ko an bar ruwa da gangan domin ya ƙara nauyi a sikeli, man yakan zo kasuwa da danshi a cikinsa, bayan 'yan makonni a ga baƙaƙen ɗigo ko tsanwa-tsanwa a tsakiyar curin.

Saboda haka, duk man kaɗanyar da aka sayo a kasuwa yana buƙatar gyara kafin a haɗa shi da komai. A yanka shi ƙanana, a zuba a kwanon gilashi ko na ƙarfe marar tsatsa, a ɗora a kan tukunyar ruwan zafi domin tururin ya narkar da shi, kada a ɗora shi kai tsaye a kan wuta. Idan ya narke, a tace shi da farin ƙyalle mai tsabta wanda ya bushe sarai, a bar shi ya ɗan zauna. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka idan akwai shi zai kwanta a ƙasa tare da datti, sai a tsiyaye na saman a hankali a zubar da na ƙasan. Launin man kuwa ba shi ne ma'aunin kyaunsa ba. Asalinsa fari ne mai ɗan duhu, mai ruwan ɗorawa kuma yawanci saiwar wani tsiro ce ake zubawa lokacin dafawa. Abin dubawa shi ne ƙamshinsa: ɗan warin hayaƙi ba laifi ba ne, amma idan yana bugun hanci da tsami-tsami, ya riga ya tsufa, kuma babu turaren da zai gyara shi.

Haɗin da babu ruwa ba shi da wahala. A cikin giram 100, a ɗauki giram 70 na man kaɗanya, giram 29 na wani mai mai ruwa-ruwa, da giram 1 da za a raba tsakanin bitamin E da turare na mai. A narkar da kaɗanyar, a sauke, a zuba ɗaya man, a bari ya huce har ya fara kauri a gefen kwano, sannan a saka bitamin E da turaren, a buga da na'urar buga ƙwai har ya yi fari ya tashi. Ƙorafin da aka fi yi a kan wannan haɗi shi ne yana yin tsaki-tsaki bayan 'yan kwanaki. Wannan ba lalacewa ba ce. Man kaɗanya ya ƙunshi kitse iri-iri da ba sa daskarewa a lokaci ɗaya, kuma idan aka bar shi ya huce a hankali, mai taurin cikinsu yakan riga sauran daskarewa ya dunƙule. Maganin shi ne a sake narkar da shi gaba ɗaya, sannan a sanyaya shi da sauri, a tsoma gindin kwanon a ruwan ƙanƙara ana juyawa, tare da kula kada ko ɗigo ɗaya ya faɗa ciki.

Zaɓen man da za a haɗa da kaɗanyar yana da tasiri a kan tsawon kwanan haɗin. Man riɗi yana jure ajiya saboda wasu sinadarai da yake da su na halitta masu rage saurin tsufa, haka ma man zogale, wanda ba ya saurin wari ko kaɗan, sai dai tsada. Man kwakwa da alayyadi suna daɗewa, amma man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 a ma'aunin Salshiyas, don haka haɗin da aka yi da shi yakan yi tauri da asubar hunturu ya kuma zama ruwa da bazara. Man darbejiya da na habbatussauda suna da ƙarfi da wari, kaɗan ake sakawa. Game da jarirai akwai abu biyu da ya kamata a sani. Wani bincike da aka buga a 2003 a kan yara a Ingila ya sami alaƙa tsakanin shafa wa jarirai masu kumburin fata kirim mai ɗauke da man gyaɗa da kamuwarsu da rashin jituwa da gyaɗa daga baya. Wani kuma da aka yi a birnin Shafil a 2013 ya nuna cewa shafa man zaitun kullum na mako huɗu ya raunana saman fatar manyan da aka gwada a kansu. Ba ina nufin a daina amfani da man zaitun ba ne, amma ga jaririn da fatarsa take da ƙuraje ko ƙaiƙayi, ni kaɗanya zalla na fi natsuwa da ita, ba tare da turare ba.

Abin da ke tsufar da mai shi ne haɗuwarsa da iska, kuma zafi da hasken rana da taɓa ƙarfe mai tsatsa ko tagulla suna ƙara wa abin sauri. Aikin bitamin E ke nan, wato rage saurin wannan tsufa, kuma rabin giram a cikin giram 100 ya wadatar. Idan an zuba haɗin a mazubi mai murfi, aka ajiye shi nesa da taga da murhu, zai kai wata shida zuwa shekara lafiya lau, muddin kayan da aka yi shi da su sababbi ne. Sharaɗin kawai shi ne kada ruwa ya shiga, kuma a nan ne al'adarmu take da wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Mutum yana alwala sau biyar a rana, da hunturu kuma yana gamawa zai ji hannu da ƙafa suna ja, sai ya miƙa jiƙaƙƙen yatsa cikin kwalbar mai. Ɗigon da yake bari a ciki kullum ya isa fumfuna ta samu wurin zama a saman man. A ajiye ƙaramin cokali busasshe a gefen kwalbar, ko a riƙa ɗiba a ƙaramin mazubi na mako guda a bar babban a rufe.

A ganina, wannan haɗi ya ishi yawancin gidaje. Fata mai laushi ita ce wadda saman ta yake riƙe da ruwa, kuma aikin mai shi ne ya rufe wannan ruwa kada iska ta kwashe shi. Idan aka shafa kaɗanya a busasshiyar fata, sai ta zauna a sama tana maiƙo, ƙurar hunturu ta manne mata. Idan kuwa aka shafa ta daidai lokacin da aka fito daga wanka, jiki da sauran laima, kaɗan za ta isa, ta kuma shige da sauri. Ta wannan hanya an samu kusan duk amfanin loshan, ruwan yana kan fata, man yana cikin kwalba, ba su zauna tare ba balle wani abu ya tsiro a tsakaninsu.

Duk da haka, akwai masu son loshan na ainihi, mai sanyi a jiki, marar nauyi, wanda za a shafa da rana a sa tufafi ba tare da ya ɓata su ba, kuma wannan buƙata ce mai ma'ana, musamman da bazara. Matsalar farko ita ce ruwa da mai ba sa haɗuwa, duk yadda aka buga su za su rabu. Ana danganta wa likitan nan Galen, wanda ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2, wani haɗi na kakin zuma da man zaitun da ruwan wardi, amma irin wannan haɗi ba ya daɗewa yake sakin ruwansa, domin kakin zuma kauri kawai yake ƙarawa, ba ya ɗaure ruwa da mai. Kirim ɗin Nivea da ya fito a birnin Hambag na Jamus a 1911 ya yi suna ne saboda an samo wani sinadari daga maiƙon gashin tumaki wanda yake riƙe su biyun tare na dogon lokaci. A yau masu sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa suna da kakin da aka yi musamman don wannan aiki, fari ne, ƙwaya-ƙwaya, kowane ƙwayar sinadarinsa tana da ɓangaren da ke kama mai da ɓangaren da ke kama ruwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce nauyinsa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin man da ke cikin haɗin.

Ga ma'aunin da nake ganin ya dace da mai farawa, a cikin giram 100. Ɓangaren ruwa: giram 70 na ruwa da giram 3 na giliserin. Ɓangaren mai: giram 8 na man kaɗanya, giram 10 na man riɗi ko na zogale, giram 5 na kakin haɗa ruwa da mai, da giram 2 na sitil alkohol. Abubuwan da ake sakawa bayan ya huce: giram 1 na sinadarin hana ruɓewa, rabin giram na bitamin E, da rabin giram na turare. Na san sunan sitil alkohol yana tayar wa wasu hankali, to wani farin kaki ne mai tauri da ake samu daga man kwakwa ko na kwakwar manja, ba ya bugarwa, kuma aikinsa ƙara kauri da santsi. Giliserin kuwa yana jawo ruwa ya riƙe shi a fata, amma idan ya wuce giram 5 a cikin 100 haɗin yakan yi danƙo. Wajibi ne a auna komai da ƙaramin sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram. Cokali da murfin kwalba ba ma'auni ba ne a wannan aiki, domin abin da ke tsare haɗin gaba ɗaya giram ɗaya ne tak, kuma kuskuren rabin giram a kansa yana nufin an rage masa rabin ƙarfinsa.

Ruwan da ya fi dacewa shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi, ana samunsa a manyan kemis da wurin masu kayan ɗakin gwaji. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da ma'adinai da ke rage ƙarfin sinadarin hana ruɓewa su kuma hanzarta tsufan mai, ruwan leda kuma ingancinsa ya danganta da wanda ya ɗura shi. Kafin a fara, a wanke kwanuka da cokula da mazubai, a fesa musu sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a bar su su bushe da kansu. A ɗora ɓangaren ruwa a kwano ɗaya, na mai a wani kwanon, a kan ruwan zafi, har kowanne ya kai digiri 70, a riƙe su a haka kamar minti 20. A sake auna kwanon ruwan a cika abin da ya tafi a tururi da tafasasshen ruwa, sannan a haɗe su a buga da bilenda ta hannu na 'yan mintuna. Nan take zai koma fari. A ci gaba da juyawa lokaci-lokaci har ya sauka ƙasa da digiri 45, a zuba abubuwa ukun ƙarshe, a juya sosai. Kada a rufe mazubin sai ya huce sarai, domin gumin da zai taru a ƙarƙashin murfi ruwa ne zalla wanda babu kariya a cikinsa, kuma a nan fumfuna take fara fitowa.

Abin da aka samu yanzu kashi 70 cikin 100 nasa ruwa ne, ga mai, ga giliserin, ana kuma ajiye shi a ɗakin da zafinsa yake kaiwa digiri 35 ko fiye a watan Afrilu. A irin wannan yanayi wasu ƙwayoyin cuta suna ninka yawansu cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Dumamawar da aka yi ta rage waɗanda suka zo da kayan haɗin, amma ba ta hana sababbi shiga daga iska da yatsa da bakin kwalba. Daga cikin waɗanda masana suka fi tsoro akwai wadda ake kira Sudomonas, mai son wuri mai laima, wadda take iya rayuwa ko a cikin tataccen ruwa, kuma idan ta shiga idon da ya samu ƙwarzane tana iya lalata shi cikin kwanaki. Akwai kuma wadda take haddasa maruru da ƙuraje masu ruwa. Lafiyayyar fata tana kare kanta daga yawancinsu, amma su wa ake shafa wa man da hunturu? Mai faso da ya tsage har yana jini, jaririn da ƙugunsa ya saɓule, mai jego, tsoho mai ciwon sukari da ƙafarsa ba ta saurin warkewa. Loshan yana iya ɗauke da ƙwayoyi masu ɗimbin yawa alhali yana nan fari tas yana ƙamshi, domin turaren da aka zuba yana rufe warin farko.

Akwai abubuwa da yawa da ake cewa suna tsare loshan waɗanda ba sa tsare shi. Bitamin E ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, mai kawai yake karewa daga tsufa. Zuma ba ta lalacewa a cikin kwalbarta saboda ruwan da ke cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, amma da zarar an sirka ta a cikin loshan ta zama sukari, wato abinci. Ruwan lemun tsami yana iya tsinka haɗin ya kuma ƙona fata idan aka shiga rana. Man darbejiya da man kanumfari da sauran mayukan ƙamshi suna da ɗan tasiri a ɗakin gwaji, sai dai adadin da zai tsare kwalba guda ya fi ƙarfin abin da fata za ta ɗauka. Firiji yana rage saurin hayayyafar ne kawai, na 'yan kwanaki, kuma wannan ma a inda wuta take tsayawa ke nan. Firijin da yake sanyi da dare ya huce da rana ba abin dogaro ba ne. Mafi haɗari shi ne ɗanyun abubuwan da ake ƙarawa don a ce haɗin na gargajiya ne: ruwan alobera da aka matso daga ganye, madara, ruwan shinkafa, markaɗaɗɗen karas, garin kurkum. Kowannensu yana zuwa da nasa ƙwayoyin da kuma abincin da za su ci, har sinadari mai ƙarfi ma yakan gaza a gabansu. Wanda yake son amfaninsu ya haɗa na shafawa ɗaya, ya shafa, ya wanke, kamar yadda ake yi da dilka.

Sinadaran da suke aikin da gaske ba su da yawa a kasuwarmu. Wanda na sa a ma'aunin sama shi ne finoksiyetanol da aka haɗa da wani mataimaki, ana sayar da shi da sunan Euxyl PE 9010, kuma ana saka rabin giram zuwa giram 1 a cikin 100. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade finoksiyetanol a kashi 1 cikin 100, don haka ƙara shi fiye da haka ba ƙarin tsaro ba ne, ƙarin haɗarin ƙaiƙayi ne. Germall Plus na ruwa ya fi shi yaɗuwa a wurin masu haɗi, yana da ƙarfi, rabin giram ne iyakarsa, kuma zafi sama da digiri 50 yana lalata shi. Sai dai yana ɗauke da wani sinadari mai aidin wanda dokar Turai ta hana sakawa a man da ake shafe jiki duka da shi da kuma man yara 'yan ƙasa da shekara uku, shi ya sa ban zaɓe shi ba. Sodiyam benzowet da fotasiyam sobet, waɗanda ake sakawa a lemon kwalba, suna da araha, amma ba sa aiki sai haɗin yana da ɗan tsami, wato ma'aunin pH ya sauka zuwa wajen 5. Wannan ya yi daidai da fatar mutum, wadda nata ma'aunin yake wajen 5, amma dole a gwada da takardar gwaji, a gyara da ɗigon ruwan sitirik asid idan ya haura.

Tsoron da ake yi wa waɗannan sinadarai ya samo asali ne mafi yawa daga batun faraben, wani rukuni na sinadaran hana ruɓewa. A 2004 wani bincike a Ingila ya sami ɓurɓushin faraben a cikin mafi yawan samfura 20 na ƙarin sankarar mama da aka gwada, labarin ya bazu duniya, duk da cewa binciken bai nuna cewa su ne suka haddasa cutar ba. A 2014 Tarayyar Turai ta haramta iri biyar daga cikinsu, ta bar wasu a ƙayyadadden adadi bayan nazari. Daga nan kalmar "babu kemikal" ta zama tallar da ta fi ci, har ta iso wayoyinmu. Mai sayar da loshan mai ruwa da take alfahari cewa ba ta saka komai na hana ruɓewa ba, ko dai akwai shi a cikin kirim ɗin kanti da ta yi tushe da shi ba ta sani ba, ko kuma tana sayar da abin da bai kamata ya wuce mako guda a duniya ba.

Wannan ya kawo ni ga haɗin da ake yi da kirim ɗin kanti, a juye kwalba biyu ko uku a roba, a matsa tub, a ƙara mai da ruwan wani abu. Kamfanin da ya yi kowane kirim ya auna kariyarsa daidai da abin da ke cikinsa, sirka shi kuma yana raunana ta. Abin da ya fi wannan muni shi ne tub ɗin da ake matsawa, domin sau da yawa maganin kumburin fata ne mai ƙarfi irin su kilobetasol, wanda likita yake rubutawa na ɗan lokaci. Shafa shi kullum yana sa fata ta yi haske da farko, daga baya ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wuri. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, wadda aka kafa a 1993 kuma kayan kwalliya suke ƙarƙashin kulawarta, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa a 2023. Wannan ba shi ne haɗa man shafawa da nake magana a kai ba, ko da an liƙa masa takarda mai hoton ganye.

Loshan da aka yi da tsabta aka kuma saka masa kariya daidai, a zuba shi a kwalba mai famfo ko mai matsewa, domin mai faɗin baki kullum yatsa yana shiga. Idan tsohuwar kwalba ce, a lura cewa bututun famfonta ba ya wankuwa sosai, gara a sayi sabo. A rubuta ranar da aka haɗa a jiki, a yi ƙoƙarin ƙarar da shi cikin wata uku, kuma saboda haka giram 200 ko 300 ya isa a yi a lokaci ɗaya. Idan ya canza launi, ko ruwa ya fara kwanciya a ƙasa, ko kwalbar ta kumbura, ko ƙamshinsa ya juya, a zubar da shi duka. Kwashe fumfunar sama a ci gaba da amfani da na ƙasa ba ya tsirar da komai, domin abin da ya bayyana a sama ya riga ya ratsa cikin.

Wata ukun nan kiyasi ne na taka-tsantsan, domin tabbaci ba ya samuwa sai a ɗakin gwaji. Kamfanoni suna ɗaukar samfurin kirim, su zuba masa ƙwayoyin cuta da yis da fumfuna da gangan, su riƙa ƙirga abin da ya rage har kwana 28, kuma sai ya ci wannan jarrabawa ake buga masa ranar daina aiki. Wadda take son sayar da loshan mai ruwa ga jama'a tana buƙatar irin wannan gwaji da rajistar NAFDAC, wanda yake nufin kuɗi da wurin aiki na musamman da ba kicin ba. Kafin jari ya kai nan, man kaɗanya da aka gyara aka haɗa ba tare da ruwa ba shi ne sana'ar da ta fi sauƙin tsarewa. Sai dai mai aika shi wani gari a mota ta tuna cewa kaɗanya tana fara narkewa tun daga wajen digiri 32, kuma bugaggen mai da ya kwana a bayan mota daga Minna zuwa Maiduguri a watan Afrilu zai isa a narke, iskar da aka buga masa ta fice, kwalbar da aka cika ta koma rabi. Don irin wannan tafiya, a bar bugawa, a ƙara giram 5 zuwa 10 na kakin zuma a cikin kowane giram 100, a zuba shi a narke cikin gwangwani mai murfin murɗawa, a sanyaya shi da sauri kafin a rufe.